Shari'a a Bayan Ido: Caddy Compson a Littafin The Sound and the Fury

A watan Oktoba na 1929 aka buga The Sound and the Fury a birnin New York, na huɗu a jerin ƙagaggun labaran William Faulkner. Labarin rushewar wani babban gida ne, gidan Compson, a Jefferson, garin da marubucin ya ƙaga ya ajiye a jihar Misisipi ta kudancin Amurka. Littafin kashi huɗu ne, kowane kashi da ranarsa. Benjy, autan gidan, wanda aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa kuma bai taɓa furta kalma ba, shi ke da 7 ga Afrilu 1928. Quentin, babban ɗa, shi ke da 2 ga Yuni 1910, ranar da ya jefa kansa a kogi yana ɗalibi a Jami'ar Harvard. Jason, na uku a haihuwa, shi ke da 6 ga Afrilu 1928. A kashi na ƙarshe, 8 ga Afrilu 1928, mai ba da labari ne daga waje yake bin sawun Dilsey, baƙar fatar da ke dafa wa gidan abinci. 'Ya'yan gidan huɗu ne, uku sun samu bakin magana. Mace tilo a cikinsu, Candace, wadda kowa ke kira Caddy, ba a ba ta ko shafi ɗaya ba, alhali babu ɗaya daga cikin ukun da zai yi dogon tunani bai faɗa kanta ba.

Da za a ce mutanen Jefferson su taƙaita rayuwarta, ba za su daɗe ba. Ta fara bin maza tun tana budurwa, ta yi ciki ba aure, aka yi maza aka ɗaura mata aure da wani mai harkar banki ɗan jihar Indiana ranar 25 ga Afrilu 1910, mijin ya gano ya sake ta, aka karɓe jaririyar aka hana ta taka gidan ubanta, wanta ya kashe kansa, giya ta kashe ubanta bayan shekara biyu. Masu karatu da dama sun tsaya a nan, suka ɗauke ta lalatacciyar da ta jawo wa gida masifa. Wasu kuma tausayi ya sa suka mayar da ita alama, wai ita ce martabar Kudu da ta zube, ko aljannar ƙuruciya da ta kuɓuce. Duka ɓangarorin biyu maganar 'yan'uwanta maza suka ɗauka. Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne damuwar Caddy ba daga sha'awa ta faro ba. Ta faro ne tun lokacin da aka ɗora wa 'yar shekara 7 aikin uwa a gidan da uwar ke raye, sannan kowa a gidan ya nemi ta tsaya cak a siffar da ta yi masa amfani. Hujjar tana cikin littafin, a bakin 'yan'uwan nan uku da kansu, muddin mai karatu ya raba abin da suka gani da hukuncin da suka yanke.

Wannan rarrabewa ita ce aikin da salon littafin ya ɗora mana. Marubutan farkon ƙarni na ashirin irin su James Joyce da Virginia Woolf sun janye mai ba da labarin nan masanin komai, wanda zai gaya maka wane ne nagari wane ne mugu, suka bar ka da zancen zucin taurari da duk karkatarsa. Faulkner ya kai abin maƙura. Babu alƙali a littafinsa, shaidu ne kawai, kowannensu kuma yana ganin ya yi asara a dalilin wadda ake tuhuma.

Shaidar Benjy ta fi ƙarfi, domin shi kaɗai ne ba ya iya yanke hukunci. Ba ya bambanta jiya da yau, bai san dalili ba, bai san abin kunya ba. Abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji yake kawowa, don haka a kashinsa muke jin muryar Caddy ba a gauraya ta da ra'ayin kowa ba. A 1900, yana ɗan shekara 5, uwarsu Caroline ta canza masa suna daga Maury, sunan ɗan'uwanta, zuwa Benjamin, saboda ta tabbata yaron ba zai warke ba. A ranar Caddy ta sungumo shi zuwa inda uwar ke zaune. Uwar ta tsawata mata, ba don tausayin yaron ba, don kada nauyinsa ya lanƙwasa mata baya ta rasa tafiyar 'ya'yan manya. Yaron yana kuka. Caddy ta ce in uwar ta rungume shi zai yi shiru, ta ce a bar masa matashin da yake son kallo. Uwar ta sa a ɗauke matashin wai don ya koyi biyayya, kukan ya ƙaru, ita ma ta fashe da nata. Yarinyar da ba ta kai shekara 10 ba ita ta lallashi uwar, ta ce ta hau sama ta kwanta, sannan ta dawo kan ƙanen. Benjy bai ce mana an yi rashin adalci ba, bai ma san kalmar ba. Ya dai nuna mana wace ce uwa a ɗakin.

Haka abin yake duk inda ka buɗe. Ita ke tuna masa ya sa hannu a aljihu kada sanyi ya ci masa yatsu. Ita ke kwana da shi har ya kai shekara 13. Ita ta kai wa Jason duka ranar da ya yayyanka masa 'yan tsanan takarda. Uwar kullum tana kwance da tsumma a goshi tana lissafin yadda Allah ya jarrabe ta, tana kuma ware Jason a matsayin ɗanta na gaskiya don shi ne ya ɗauko danginta. Uban yana son 'ya'yansa, amma ya riga ya sallama wa duniya, ya koma ga kwalba. Cleanth Brooks, a nazarinsa na 1963, ya ɗora babban kaso na lalacewar gidan a kan sanyin zuciyar uwar, kuma na yarda da shi. Quentin ma a ranarsa ta ƙarshe yana fatan da ma yana da uwar da zai kira. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne gurbin da uwar ta bari bai zauna fanko ba. Akwai wadda ta cike shi, kuma ita ba ta da wadda za ta kira.

Son da Benjy ke yi mata ma yana da sharaɗi. A wurinsa Caddy ƙamshin bishiyoyi take yi, duk ranar da ƙamshin ya ɓace sai ya ɓarke da ihu. Tana da shekara 14 ta fara shafa turare. Ya guje ta yana kuka, ta rasa laifinta, sai da ta yi ta lalube kafin ta gane, ta kama hannunsa suka kai wa Dilsey kwalbar kyauta. Bayan wani lokaci ya tarar da ita a lilo da wani saurayi, Charlie. Ta baro saurayin, ta ja ƙanenta gida da gudu, ta durƙusa tana kuka tana yi masa alkawarin ba za ta ƙara ba, ta ɗauki sabulun wanke-wanke ta dirje bakinta. Karo na uku, a 1909, bayan ta san ɗa namiji, ta shigo gida da sauri tana kauce wa idonsa. Ya ja rigarta har ƙofar banɗaki yana tura ta ta shiga, ta tsaya jingine da ƙofar ta kare fuska da hannu. Wannan karon ruwa ba zai yi ba, kuma ta sani. Ba mai ganin laifin Benjy. Amma a duba darasin da yarinyar ta kwasa daga abubuwan nan uku: duk takin da ta yi zuwa ga girma, wanda babu 'ya macen da za ta kauce masa, ciwo ne ga wanda ta fi so a duniya, ƙazanta ce kuma da ake wankewa. Shafa turare ba zunubi ba ne. Tun kafin ta aikata abin da za a kira laifi an gama koya mata jin laifi.

Faulkner ya sha faɗa cewa littafin gaba ɗaya daga hoto guda ya tsiro, na ranar makokin kakar yaran a 1898. An kora su waje an ɓoye musu abin da ake ciki. Da rana sun yi wasa a rafi, Caddy ta jiƙa rigarta ta tuɓe, Quentin ya mare ta don ta tuɓe a gaban idon jama'a, ta zame ta faɗa ruwa, Jason ya ce zai kai ƙara. Da dare ta sa aka ɗaga ta ta hau bishiyar da ke jikin taga, wadda uban ya hana hawa, ta leƙa abin da manya ke ɓoyewa, sauran yaran na ƙasa suna kallon taɓon da ya ɓata mata ɗan kamfai. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan taɓon nan, cewa ishara ce ga abin da zai samu budurcinta. Ba na musun haka, sai dai wannan karatun masu tsayuwa a gindin bishiya ne. A sama wani abu daban ke faruwa: yarinya ce ta ƙi yarda a rufe ta, ita kaɗai cikin 'ya'yan gidan ta yi ƙarfin halin leƙa mutuwa. Quentin ya tuna cewa a wasanninsu na yara ba ta taɓa zama sarauniya ba, sai sarki ko janar. Mutum ɗaya gidan Compson ya haifa da zuciyar kakanni a wannan zamani, sai ya zo a mace, a wurin da ba a tanadi wani aiki ga ƙarfin halin mace ba.

Aikin da aka tanadar mata shi ne tsaron sunan gida. Kudancin Amurka ya sha kashi a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, bauta ta ƙare, manyan gidajen da suka yi arziki da gumin bayi suka shiga sayar da filaye. Kakan su Caddy janar ne a wancan yaƙi, a zuriyar an taɓa yin gwamna, amma a zamaninsu har makiyayar da Benjy ke so sai da aka sayar don a biya wa Quentin kuɗin Harvard a yi bikin Caddy. Da dukiya ta tafi, sai aka tattara ragowar alfahari aka rataya a wuyan farar mace, tsarkinta ya zama shaidar cewa gidan har yanzu gida ne. Wannan aƙida ba ta tsaya a falo ba. Da sunanta aka riƙa kashe baƙaƙen fata ba tare da shari'a ba, kamar yadda 'yar jarida Ida B. Wells ta fallasa tun 1892. Quentin ya haɗiye aƙidar ɗungurungum. Uban kuwa ya gaya masa budurci maza ne suka ƙirƙiro shi, bai da wannan nauyi a wurin mata, komai ma bai da nauyi. Ɗa na cewa abin ya fi rai, uba na cewa ba komai ba ne, suka yi ta ja-in-ja a kan jikinta. Quentin har ya gwammace a ce shi ya kwana da ƙanwarsa, abin da bai faru ba, don a jefa su wuta su biyu inda ba wanda zai ƙara kai hannu gare ta.

Daren da ya same ta kwance cikin rafi, bayan ya san abin da ke tsakaninta da saurayinta Dalton Ames, ya zaro wuƙa ya ɗora mata a maƙogwaro, ya ce zai kashe ta ya kashe kansa. Ba ta yi gardama ba. Ta tambaye shi ko zai iya yi wa kansa shi kaɗai, ta ce ya ƙara turawa. Shi ne ya kasa, ya fashe da kuka, ita ta jawo kansa ta kwantar a ƙirjinta tana ba shi haƙuri. Manazarta, musamman tun bayan littafin John T. Irwin na 1975 a kan sha'awar ɗan'uwa ga 'yar'uwa a ayyukan Faulkner, sun fi karanta wannan fage ta fuskar abin da wuƙar ke nufi a zuciyar Quentin. To ita fa? Abu biyu ke bayyane. Yarinyar da ba ta cika shekara 20 ba ta amince a yanka ta ba tare da ta nemi ceton ranta ba. Kuma ko da wuƙa a wuyanta, aikin raino ne ya faɗo kanta.

Dab da ɗaurin aure ta yi wa Quentin 'yan maganganun da su ne mafi kusa da abin da ke ranta a duk littafin. Ta ce ba ta da lafiya, dole ta auri wani. Ta ce akwai wani mugun abu a cikinta da take gani da dare yana yi mata murmushi ta fuskokin mazan. Ta ce ita tun bara ta mutu. Mai jin daɗin sharholiya ba haka take magana ba. A ina ta fara jin cewa ta mutu? Jason ne ya ba mu amsar, ba da niyya ba. Tana da kimanin shekara 15 uwar ta ga wani yaro ya sumbace ta, washegari ta sa baƙaƙen kaya da lulluɓi ta wuni tana zagaya gida tana kukan 'yarta ta mutu. Uwa ta yi wa 'yarta makoki tana raye saboda sumba ɗaya, bayan 'yan shekaru 'yar ta maimaita hukuncin da bakinta. Ba ina cewa Caddy ba ta da sha'awa ba ne, littafin ma bai ce haka ba. Da Quentin ya ɗora hannu a wuyanta aka ambaci sunan Ames, ya ji jininta ya harba. Ames ba mutumin kirki ba ne, ya raina mata baki ɗaya a gaban Quentin, amma shi ne ya fara da tambayar ko lafiyarta ƙalau, ko ana takura mata a gida, tambayar da ba a jin ta a bakin mutanen gidan. Ba abin mamaki ba ne yarinyar da kowa ke ɗiba daga gare ta ta ruga wurin wanda ya tambaya.

A cikin hirar nan ta dab da ɗaurin aure dai, abin da ya fi damunta shi ne uban zai mutu cikin shekara in bai daina sha ba, daga nan a kai Benjy gidan mahaukata na Jackson. Ta roƙi Quentin ya kula da su. Da ya ce su ɗauki Benjy su gudu da kuɗin makarantarsa, ta ƙi, ta tuna masa makiyayar Benjy aka sayar aka samu kuɗin, in bai gama karatu ba yaron ya tashi a tutar babu. Bayan mako biyar da 'yan kwanaki da bikin, wanda aka bar wa amanar ya sayi dutsen guga biyu ya nufi kogi.

Kada a ɗauka wanke ta nake yi. Ta auri Herbert Head, mai harkar bankin nan, da cikin wani ba ta gaya masa ba, kuma kasancewarsa mai maguɗi a caca da jarrabawa bai halatta a yaudare shi ba. Ta tafi ta bar Benjy yana tsayuwa a bakin ƙofa kullum yana jiran dawowarta, har ranar da ya samu ƙofar a buɗe ya bi 'yan makaranta, aka yi masa dandaƙa. Ta bar 'yarta a hannun ƙanen da ta san halinsa tun suna yara. Waɗannan abubuwa sun faru, kuma sun cutar da mutane. Abin tambaya shi ne wace hanya ce a buɗe ga macen da ba ta da sana'a ba ta da ko sisi nata, a Misisipi ta 1910, ta ƙi bi. Littafin bai nuna ko ɗaya ba.

Shaidar da ta fi wanke ta daga bakin wanda ya fi ƙin ta ta fito. Jason ya riƙe ta a zuci saboda Herbert ya yi masa alkawarin aiki a banki, sakin ya tafi da alkawarin. A 1912, ranar jana'izar ubansu, ta zo a ɓoye cikin lulluɓi ta tsaya a maƙabarta bayan mutane sun watse, don uwar ta hana ko ambaton sunanta a gidan. Ta roƙi Jason ya nuna mata jaririyarta na minti ɗaya, ta ba shi dala 100. Ya ce ta jira a wata kwana. Da yamma ya naɗo yarinyar a rigar ruwa ya shiga keken doki, da suka iso inda take tsaye ya ɗaga ta a taga, Caddy ta zaburo, ya ce wa mai tuƙi ya zabga wa dawakin bulala. Ta tagar baya ya hango ta tana bin su da gudu. Jason da alfahari yake ba da wannan labari, a ganinsa ya cika alkawari tunda ta ga yarinyar. A nan salon Faulkner ya yi aikinsa mafi kyau: mai maganar yana yabon wayonsa, mai karatu kuwa matar da ke gudu a titi yake gani. Daga baya ta yi tayin dala 1,000 a ba ta 'yarta. Jason ya yi mata gori a kan hanyar da za ta samo kuɗin, ta yi shiru, ta janye da kanta, ta ce a bar yarinyar a nan. Ta yarda ba ta cancanci riƙon 'yarta ba. Abin da ta roƙa kawai shi ne ya tausaya wa yarinyar a 'yan ƙananan abubuwan da ita ba za a bar ta ta yi mata ba.

Shekara 15 tana aiko da cek na dala 200 duk wata. Jason yana karɓar kuɗin ya ɓoye, ya kawo wa uwarsu na jabu ta ƙona da ashana tana cewa ba za ta ci kuɗin zunubi ba. Shi kuma yana da karuwarsa a Memphis da yake kashe wa kuɗi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. 'Yar, wadda aka sa wa suna Quentin, ta tashi a hannun kawun da ke zaginta da laifin uwarta, har daren da ta fasa akwatinsa ta kwashe kuɗin ta sauka ta bishiya ta gudu tana da shekara 17. Ta wannan hanya ce wani kaso na dukiyar da Caddy ta yi ta aikowa ya isa hannun wadda aka aiko wa.

Masana sun rabu a kan yadda za a fahimci shirun Caddy. André Bleikasten, a littafinsa na 1976, ya ɗauke ta cibiya ce fanko, wurin da kowane ɗan'uwa ke zuba buƙatarsa da tsoronsa. Catherine Baum a 1967 ta kare ta a matsayin tauraruwar littafin ta gaskiya, mai son da ba ya neman sakayya, Minrose Gwin kuma a 1990 ta nemi a kasa kunne a ji muryarta ta tsakankanin maganganun maza. Bleikasten ya yi daidai game da 'yan'uwan, amma bai yi daidai game da littafin ba. Fanko ba ya dirje baki da sabulu, ba ya bin keken doki da gudu. Ayyukanta suna da tsari ɗaya tun daga 1898 har 1928, kuma shaidu uku da ba sa jituwa sun kawo su iri ɗaya. Shi Faulkner, da ɗaliban Jami'ar Virginia suka tambaye shi a 1957, ya nuna cewa Caddy ta fi ƙarfin a rage ta zuwa mai ba da labari, ganinta ta idon wasu ya fi taɓa zuciya. Ya kuma bayyana cewa shi da bai taɓa samun 'yar'uwa ba ita ya ƙaga wa kansa. Ta fuskar fasaha ina ganin zaɓin ya yi nasara. Amma dalilin da ya bayar dalilin Quentin ne: a so mace har a ga magana za ta rage mata daraja.

Ba ita kaɗai aka hana zancen zuci ba. Dilsey ma daga waje ake kallonta, kuma bayan tafiyar Caddy ita ta ci gaba da ɗaukar Benjy da uwar da ƙaramar Quentin, ga nata 'ya'yan da jikoki. Ita ce ta saci hanya ta bar Caddy ta ga 'yarta da ƙanenta duk da barazanar Jason. Mata biyun da suka riƙe gidan su ne ba a shiga zuciyarsu ba. Sai dai bai kamata a daidaita su ba. Caddy farar fata ce, ko da aka kore ta tana da duniyar da za ta shiga. Dilsey tana nan a madafar har ƙarshen labarin.

Saura rataye. A 1945 Faulkner ya rubuta wa edita Malcolm Cowley tarihin zuriyar Compson don wani kundin zaɓaɓɓun ayyukansa da ya fito a 1946, daga baya aka riƙa haɗa shi da littafin. A ciki ya ce Caddy ƙaddararriya ce kuma ta san haka. Ya aurar da ita ga wani mai harkar fim a Hollywood a 1920, ya raba auren a Meziko a 1925, ya ɓatar da ita a Faris lokacin mamayar Jamus a 1940. A 1943 wata ma'aikaciyar laburare a Jefferson ta ga hotonta a mujalla, cikin motar alfarma kusa da wani janar na Jamus, ta kai wa Dilsey a Memphis, tsohuwar ta ce idonta ba ya gani. Ma'aikaciyar ta yanke cewa Caddy ba ta son a cece ta don ba ta da sauran abin da za ta rasa. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin hukuncin ƙarshe tunda daga marubucin ya fito. Ni ban ɗauka ba. An rubuta shi shekara 16 bayan littafin, kuma ya saɓa masa a wurare, har a kan yawan kuɗin da aka sace da hanyar da yarinyar ta sauko daga bene. Bugun da Noel Polk ya gyara a 1984 ya fitar da shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci, kalmar ƙaddara tana sauke wa gidan nauyi: in tun fil'azal an rubuta za ta lalace, to lulluɓin uwar da wuƙar Quentin da bulalar Jason ba su yi komai ba ke nan. Littafin 1929 ya nuna hannun kowa dalla-dalla, ratayen ya zo ya share.

Macen da ke cikin littafin kanta tana da abin rasawa. Ranar 6 ga Afrilu 1928, shekara 17 bayan mutuwar aurenta, Jason ya buɗe wasiƙarta. Tana tambaya ko rigar Ista da ta aiko wa 'yarta ta iso, tana cewa wasiƙu biyu ta rubuta wa yarinyar ba amsa, ko ba ta da lafiya ne, ta san sarai shi ke buɗe su, in bai sanar da ita nan take ba za ta zo ta gani da idonta. Jason ya je ofishin tangaraho ya aika mata cewa kowa lafiya, yarinyar za ta rubuto yau, ya ce a karɓi kuɗin saƙon a hannunta.